Na Sassauta Kunamar Bindigar Fenti, Ta Ci Idon Abokina

Assalamu alaikum. Edita, ina roƙon a sakaya sunana da na duk wanda zan ambata, domin abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne. Har gobe idan na tuna shi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A shekarar 2018 ni matashi ne da bai kai talatin ba, ba mata ba ɗa, ina aiki a wata masana'antar ɗura lemo a kwalba a Dubai Investments Park. Aikina shi ne kula da injinan da iska ke tuƙawa, wato bawul da fistin da siraran tiyo da ke sa ƙarfe ya motsa ba tare da hannun mutum ba. Na iya aikin, ba zan yi ƙarya ba, amma na fi iya faɗin cewa na iya. A ganina a lokacin, duk abin da Bature ya ƙera ya bar wani gyara da ni kaɗai zan hango. Fankar ɗakinmu, tukunyar dafa shinkafa, har famfon banɗaki, babu wanda ban kwance na ɗaure ba, wani ya gyaru, wani ya mutu murus. Abokan zamana suna kirana Injiniya don tsokana, ni kuwa ina amsawa da gaske har da gyara wuyan riga. Wannan rawar kan ce ta taɓa idon mutumin da ya fi kowa kyautata mini a ƙasar, kuma labarin idon nan nake so in bayar.

Muna haya a wani fulat a unguwar Al Qusais, mu 'yan Arewa zalla, kowa da gadonsa da akwatinsa a ƙarƙashi. Wanda gadonsa ke kusa da nawa zan kira shi Dogo, ko da yake ba sunansa ba ne. Bazazzagi ne, ya ɗan girme ni. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, ya koya mini hawa metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya ciyar da ni har na tsaya da ƙafata. Yana tuƙa injin ɗaga kaya a wani babban sito, irin wanda ke ɗaukar kaya ya ɗora su a kanta mai tsayin bene. Aiki ne na ido zalla, kuskuren taƙi ɗaya sai kaya su rikito a kan mutane, shi ya sa duk shekara sai an gwada masa gani kafin a sabunta masa izinin hawa injin. Da wannan aikin yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa a gida. Ga shi da ladabi har ya so ya yi yawa. Ko a waya yake gaida babba sai ka ga ya rusuna, mu yi ta yi masa dariya muna cewa ya miƙe, ai ba a ganinsa.

Ni na ja shi zuwa wasan harbin fenti. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da ake raba mutane gida biyu a wani fili da aka kewaye da raga, kowa da bindiga mai aiki da iska, wadda ke harba 'yan ƙwallaye masu girman kanya cike da fenti. Wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya fita daga wasa. A jiki zafi ne kawai da ɗan tabo, amma a ido masifa ce. Saboda haka akwai dokar da ba a sassauta wa kowa: muddin kana cikin raga ba ka ɗaga marufin fuskarka, kuma in an tashi sai ka danna makullin bindiga, ka sa wa bakinta 'yar jakar da ake rufe shi da ita. Da farko Dogo ya ce shi ya wuce wasan 'yan sanda da ɓarayi. Na yi ta naci har ya biyo ni wata Juma'a, sai ga shi ya fi ni murna, yana gudu da dogayen ƙafafunsa yana ɓuya a bayan ganga rabin jikinsa a waje. Da lokacin sanyi ya shigo, kusan kowace Juma'a in an sauko daga masallaci muna can.

Mutane suna karɓar bindigar haya su yi wasansu su kama gabansu, ni kuwa raina bai kwanta ba sai da na mallaki tawa. Wani ɗan Filifin da muke wasa tare zai bar ƙasar, ya sayar mini da tsohuwar bindigarsa. Tana da ƙarko, amma kunamarta da tauri, sai ka ja da ƙarfi kafin ta tashi, alhali masu sababbi na batir suna zuba harbi kamar ruwan sama. Abin ya tsaya mini a rai. Sai na ga a intanet yadda ake mayar da irin wannan kunamar ta koma aiki da iska, na ce ai an zo gidana. Dabarar ita ce, a cikin mariƙin bindigar za ka dasa ƙaramin bawul da ɗan fistin da bai fi kan biro ba, ka jawo musu iska kaɗan daga tukunyar iskar bindigar ta wani abin rage ƙarfi. Maimakon yatsanka ya sha wahalar ja, kunama za ta ɗan taɓa bawul ne kawai, iska ta tura fistin, fistin ya saki harbi. Na yi makonni a kanta, duk hutun rana ina ɗakin gyaranmu ina huda, ina gogewa da magagari, abokan aiki suna cin abinci ni ina cin ƙurar ƙarfe. Na sake mata fenti baƙi da kore, na sa mata dogon baki, na naɗe mariƙin da jar fata ta dukawa da na zo da ita daga gida. Ranar da ta tashi, kunamar ta yi laushi kamar ka taɓa fuskar waya. Na ɗauki bidiyo na tura wa kowa, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Wata Alhamis da rana ina gwada ta a bayan ɗakin gyara. Na gama, na danna makulli, zan ajiye ta a kan tebur sai hannuna ya gogi kunamar. Sai ji na yi tas, fenti ya fashe a bango. Na duba, makulli yana danne. Na sake taɓawa, ta sake tashi. Nan take na gane abin da na yi. Makullin an yi shi ne don kunama mai doguwar tafiya, yana barin ta ta ɗan motsa kafin ya tare ta, ni kuwa na gajarta tafiyar har ya zama wannan ɗan motsin ma ya isa ya taɓa bawul. Wato makullin ya zama ado. Gyaran ba shi da wuya ko kaɗan, ɗan ƙaramin noti zan ɗaura ya cike gurbin, kuma akwai irinsa a aljihun teburin da nake tsaye a gabansa. Amma lokacin komawa aiki ya yi, ga shi sai na warware fatar da na sha wahalar naɗewa. Na ce a raina ai ni na san halinta, zan kiyaye, ranar Asabar na gyara. Ban gaya wa kowa ba, saboda a lokacin na gwammace komai da a ce Injiniya ya yi kuskure.

Abin da ya ƙara mini gaggawa shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana gari. Ɗan kasuwa ne a Kano, yana zuwa kasuwar Deira a nan Dubai sarin turare da abaya, ya ɗan kwana biyu a otal, ya haɗa kayansa da masu kago, wato masu jigilar kaya, ya koma. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma bai taɓa yarda cewa na girma ba. Da na nuna masa bidiyon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gemai-gemai da mu mun baro ƙasarmu mun zo muna wasan yara, amma gobe zai zo ya ga wannan abin kunya da idonsa. Ni kuwa haka nake so. Ina so ya ga abin da hannuna ya haɗa ya ce mini sannu, ko sau ɗaya ne.

Ranar Juma'ar, bayan la'asar, mun gama zagayen farko. Bindigata ta yi abin da nake so, har wani Balarabe yana ce mini habibi, wa ya haɗa maka wannan, kaina ya ƙara fasuwa. Alƙalin wasa ya busa usur ya ce halas, wato an tashi, kowa ya nufi ƙofar raga. Na danna makulli don sabo, na sunkuyar da bakin bindigar ƙasa kamar yadda ake yi, 'yar jakar bakin kuwa tana aljihuna, na ce sai na isa ƙofa zan sa. Dogo yana gefena na hagu. Muna dab da ƙofar sai ga Kawu ya sauko daga tasi da babbar rigarsa ta Juma'a, ya taho kai tsaye har bakin ragar, ya rangaɗa sallama ya miƙo mini hannu. Bai san dokar wurin ba, ba wanda ya gaya masa, kuma ni ya kamata in gaya masa. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da jiki ke yi idan babba ya yi sallama, ba ya tsayawa shawara da kai. Dogo ya ɗage marufin fuskarsa, don ba a gaida babba da fuska a rufe, ya durƙusa. Ni kuma na mayar da bindigar hannun hagu don in ba Kawu dama. Durƙuson nan ya kawo fuskar Dogo daidai bakin bindigar da na sunkuyar. Ban ja komai ba, safar hannuna ce ta gogi kunamar.

Dogo bai yi ihu ba. Salati ya yi, ya dafe fuska da hannu biyu, fenti ruwan ɗorawa yana bin yatsunsa, can sai jini ya biyo baya. Kawu ya faɗo cikin ragar yana innalillahi, ya tallabe shi, babbar rigar duk ta ɓaci. Ma'aikacin filin ya karɓe bindigar daga hannuna, ya cire mata tukunyar iska, ya juya ta, ya nuna wa mutane cewa makulli a danne yake. Kowa ya riƙe baki. Kawu ya ce ikon Allah, bindiga a kulle ta tashi, wannan abu ne da aka riga aka rubuta. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina cewa ni ma ban san yadda aka yi ba.

A asibiti aka wuce da shi tiyata. Da 'yan sanda suka zo jin ba'asi washegari, kamar yadda ake yi idan an kawo mai rauni, na san magana ɗaya za ta iya raba ni da aikina da ƙasar baki ɗaya. Dogo, da bandeji a rabin fuska, ya ce musu laifinsa ne, shi ya karya dokar fili ya buɗe fuska, ba ya ƙarar kowa. A waje kuma Kawu ya zabga tagumi yana cewa laifinsa ne, tsoho da shi ya je ya yi sallama inda ba a sallama. Mutum biyu suna jayayya a kan laifi, kowa yana cewa nasa ne, mai laifin yana kai-kawo a tsakaninsu da ledar magani a hannu yana ba su haƙuri. Da na karɓo bindigar daga filin, na kai ta ɗakin gyaran nan, na kwance bawul da fistin da tiyo na watsa su a kwandon tarkacen ƙarfe, na mayar da kunamar yadda na saye ta. Hannuna ko rawa bai yi ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi ba ni kunya.

Daga nan na zama ɗan jinya na gari. Ni ke ɗiga masa magani, ni ke dafa masa abinci, ni ke riƙe hannunsa zuwa masallaci, ni ke raka shi ganin likita. 'Yan ɗakinmu suna ta yabona, ana cewa irin wannan abota ta yi ƙaranci a zamanin nan. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajiya, ta san bindigata ce, amma an gaya mata a kulle take. Takan kira ta yi masa faɗa cikin kuka, ta ce garin yaya babba da shi zai buɗe fuska inda aka ce kada a buɗe, sannan ta ce ya miƙo mini wayar, ta yi ta sa mini albarka, ta ce daga yau na zama ɗanta. Kullum ina addu'a idon ya warke. In faɗi gaskiya, rabin addu'ar don kaina nake yi, don in ya warke shi ke nan maganar ta mutu ba wanda ya ji.

Bai warke ba. Bayan tiyata ta biyu likita ya ce idon hagu ba zai ƙara rarrabe komai ba sai haske da duhu. Na sha ganin Dogo zai zuba shayi ya zuba a gefen kofi, ya yi dariya ya ce sai ya sake koyon duniya. Da lokacin gwajin gani ya zo bai ci ba, aka sauke shi daga injin. Ya nemi wani aikin bai dace ba, bizarsa ta ƙare, ya haɗa akwatinsa. A filin jirgi ya rungume ni ya ce in daina sa abin a raina, ni ba ni da laifi, in ma ina sha'awar wasan in ci gaba da zuwa. Ba a yi mako ba aka ba wani gadonsa.

Kawu kuwa maganar ba ta taɓa sakinsa ba. Ya yi tattaki har Zariya ya ba Hajiya haƙuri, kuma duk zuwansa Dubai bayan nan sai ya tayar da ita, ya ce da ya tsaya a Deira wajen kayansa da yanzu ɗan mutane yana nan da idonsa. Sau da yawa na shirya zan gaya masa, sai in ce bari ya gama cin abinci, bari ya gama da masu kago, bari dai zuwa na gaba. Lokacin korona, ana kulle, aka kira ni aka ce ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ban samu jana'iza ba, babu jirgi. Na zauna a bakin gado na gane cewa mutumin da ya riƙe ni ya tafi da kayan da ni na ɗora masa, kuma babu sauran hanyar da zan sauke masa su.

Da hanya ta buɗe na samu hutu a 2021. Na yi gaisuwa a Kano, sannan na hau mota zuwa Zariya. Na tarar da Dogo a ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gidansu, ya rame, yana sanye da baƙin gilashi. Ya yi murna ƙwarai, ya jawo mini benci, ya leƙa gida ya ce wa Hajiya ɗanta na Dubai ya zo. Kafin ƙarfin halina ya gudu na gaya masa komai, tun daga fentin da ya fashe a bango ranar Alhamis, da notin da na bari a aljihun tebur, har kwandon tarkace. Ina magana ina kallon ƙasa. Wata mata ta zo sayen sabulu, ya sallame ta, ya dawo ya zauna. Sannan ya yi mini tambaya ɗaya, ya ce gyaran nan da ban yi ba, tsawon wane lokaci zai ɗauka. Na ce bai kai a shanye kofin shayi ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce ido ya daɗe da yafe shi tun a gadon asibiti, kuma ba zai janye ba. Amma shekarun nan duk safiya in ya dubi madubi wawa yake kiran kansa, har ta kai in babba ya yi sallama sai gabansa ya faɗi kafin ya durƙusa. Wannan ne bai san ko zai iya yafewa yau ba, ya ce in ba shi lokaci. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

Na miƙe na ce zan shiga in gaya wa Hajiya da bakina. Ya riƙe hannun rigata ya ce a'a. Tana fama da hawan jini, kuma a duk abin da ya same shi a Dubai, abu ɗaya da take tunawa ta ji sanyi shi ne Allah ya haɗa ɗanta da mutumin kirki. Ya ce ba zai bari in ƙwace mata wannan ma don ni in samu sauƙi a raina ba. Haka muka shiga. Ta sa aka yi mini tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zauna a gefe tana kallona ina ci, tana ba maƙwabciyarta labarin yadda na yi jinyar ɗanta kamar ciki ɗaya muka fito. Da zan tafi ta ɗaga hannu ta yi mini doguwar addu'a. Dogo yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire gilashin, ya juyo da idonsa mai gani yana kallona, bai ɗauke ba sai da na ce amin.

Har yau muna gaisawa da Dogo a waya. Yana amsawa da mutunci, bai ce ya yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba, don ba ni da bakin tambaya. Hajiya kuwa duk Sallah sai ta kira ni.

Ga 'yan uwana masu aikin hannu, musamman irina da yabo ke sa kansu rawa, ina roƙonku don Allah: duk abin da kuka taɓa, bindigar wasa ce ko inji ko birkin mota, ku fara gwada abin da aka sa don kariya kafin ku gwada abin da zai burge mutane. In kun ga ya lalace, ku gyara a lokacin, in ba hali ku ajiye shi ku faɗa da babbar murya. In kun gayyaci babba wurin da ke da dokarsa, ku gaya masa tun daga gida, ku tuna cewa mutanenmu gaisuwa a jininsu take, ba marufin fuskar da zai hana su. Abin da ya fi wannan duka, kada ku laɓe a bayan kalmar ƙaddara alhali kun san inda hannunku ya taɓa. Na yarda da ƙaddara, amma ni na san abin da na gani ranar Alhamis. In ka yi shiru, mutanen kirki za su ɗauki laifinka su raba a tsakaninsu, su yi ta ɗawainiya da shi suna kuma gode maka. Ku faɗa tun masu ɗaukar suna da rai. Ni na makara da Kawu, kuma Sallah mai zuwa wayar Hajiya za ta shigo, zan ɗauka, zan ce amin.